Tafinta a Hawa na Huɗu

Da na fara koyon Turanci
abu ɗaya ya faranta mini rai:
ba su raba kai da ke ba.
Kalma guda ce, kowa ya shiga,
kamar bas ɗin da ke kai ni asibiti a Leeds,
babu kujerar maza, babu ta mata.
Na ce to, yau na zo garin
da magana ba ta duba ɗankwali.

Shekara tara ke nan ina tafinta.
Ashe ba baki ke rabawa ba, kunne ne.

Jiya aka kira ni hawa na huɗu
wajen Kubura, matar Haladu mai tasi.
Likita ta ce, ina ke miki ciwo?
Kafin in juya tambayar Haladu ya amsa
da Turancinsa na kan titi, mai gudu, ba birki,
yana nuna nasa cikin.
Kubura na kallon takalminta
da ruwan sama bai bushe a kai ba.
Na ce, ke ake tambaya.
Ta ce, da sauƙi.

Na san kalmar nan.
Ita ce a bakin innata
har ranar da aka rufe mata ido.
In na miƙa ta yadda take
za a rubuta tana warwarewa,
a ba ta ƙwaya biyu a sallame ta.
Dokar aikina ta ce kar in ƙara, kar in rage.
Dokar ba ta ga hannun Kubura ba,
yadda ta damƙe ƙarfen gado
har farcenta ya yi fari.

Na ce wa likita, ta ce da sauƙi,
amma a wurinmu mace kan faɗi haka
ko tana kan gwiwa.

Haladu ya yi mini kallon
wanda ya buɗe tukunyar da ba tasa ba.
Ya ce, Hajiya, bakinki ya buɗe da yawa.
Da Hausa ya faɗa.
Wannan rabona ne, ban fassara ba.

Kada ku ce can gida ne kawai.
Likitar nan da furfurarta,
sau biyu wani tsoho ya aike ta
ta kira masa likita.
Ni ma a taron Laraba
sai da na ba da haƙuri sau uku
kafin in ce a samo tafinta mace ta dare.
Aka yi shiru, aka wuce.
Da shayi bai huce ba Lawwali ya maimaita,
ba gafara, ba don Allah,
aka rubuta da sunansa.

An shiga da Kubura tiyata ƙarfe biyar.
Na iske Haladu gaban injin shayi,
sulalla na zubewa daga hannunsa,
ya duƙa yana tsinta, ya daɗe bai ɗago ba.
Na ce, Malam, yaya?
Ya ce, ba komai.
Idonsa ja wur. Ya ce sanyin garin nan ne.
Sai na gane shi ma an ba shi tasa
tun yana ɗan yaye,
kalma biyu, aka ce je ka, namiji ne kai.
Ba wanda ya biya ni in fassara ta.
Na tsinci fam ɗaya ƙarƙashin kujera, na miƙa masa.

Da dare a gida Zulai,
wadda Hausarta ta ƙarshen mako ce,
ta leƙa falo ta ce wa babanta,
ke, kin gaji?

Na buɗe baki zan gyara mata.
Na ji ya yi ajiyar zuciya,
ya ce, wallahi na gaji.

Na koma kan miyata.